Wa Za Ka Yi Wa Aiki?

Karanta: Farawa 29:14-30 da 31:38-42, Rut sura 2.

An ɗaure hatsi, an sa a rumbu. Yanzu samarin Gidan Rumji da na Tsibiri da na Gidan Sori suna shirin tafiya ci-rani. Waɗansu Maraɗi za su, waɗansu Katsina ko Kano, waɗansu kuwa arewa suka nufa. Neman aiki ba laifi ba ne. Amma kai mai bi, kafin ka hau mota, ka san hannun wanda za ka shiga?

Yakubu ya shiga hannun Laban, kawunsa ne kuwa. Shekara 20 ya yi masa aiki, 14 domin 'ya'yansa mata biyu, 6 domin garke. Rana ta ƙone shi, sanyin dare ya ci shi, in naman jeji ya kashe dabba shi yake biya. Duk da haka sau 10 Laban ya sāke masa lada. Ka ga, dangantaka ba ta hana cuta. Kada ka ji kunyar tambaya don mutumin ɗan'uwa ne. Nawa ne ladan? Yaushe za a biya? Abinci a wuyan wa? In ka yi ciwo fa? Za a bar ka ka je sujada ran Lahadi? A yi maganar a gaban shaidu biyu, in da hali ɗaya ya zama dattijon ikilisiya. In aikin wata ne a birni, ka sani tun farkon 2024 doka ta ce kada albashi ya kasa jika 42 a Nijar.

Sa'ad da aka sami zinariya a Jado a 2014, mutane suka yi ta kwarara can. Da yawa mai rami ne ya biya musu mota, da ruwa, da abinci, a kan za a cire in an samu. Wanda bai samu ba ya komo da bashi, gonarsa kuma ta sha ciyawa. A 2017 gwamnati ta rufe wurin. Aikin da zai hana ka komowa kafin ruwan shuka, ka auna shi sau biyu, ka kuma ji ta bakin matarka, gama ita za ta riƙe gida.

In ka karɓi aiki kuwa, ka riƙe amana. Manzo Bulus ya hana mu aikin ganin ido (Kolosiyawa 3:22-24). Kowa ya san ɗan ƙodagon da yake noma bakin hanya tas, can tsakiyar gona kuwa sai ya tura ƙasa bisa ciyawa. Bayan kwana uku ruwa zai tona shi. Ubangiji kuwa ba ya jiran ruwa.

Yanzu ga taka, maigida. Kada ka ce wannan darasi na masu shaguna ne a Maraɗi. Ran da ka ɗauki mutum biyu su yi maka maimai, ko ka ba yaro awakinka ya kai kiwo, kai ma ubangida ne. Shari'ar Musa ta ce a biya matalauci ladansa kafin rana ta faɗi, gama a kansa ya sa rai (Maimaitawar Shari'a 24:14, 15). Mu kuwa mukan ce, “Bari sai ran kasuwa.” Kasuwa ta ci, ta watse, mu ce sai an sayar da wake. Mutumin nan tiya guda ta gero yake so ya kai gida daren nan. Wasiƙar Yakubu 5:4 ta nuna ladan da aka hana masu girbi yana kuka, Ubangiji kuma yana ji. Abin kunya ne a ji a gari ana cewa gonar mai bi ce ba a biya da wuri.

Dubi Bo'aza. Mai arziki ne, amma da kansa ya zo gona daga Baitalami. Shi ya fara gai da masu girbi da sunan Ubangiji, su kuma suka sa masa albarka. Da lokacin cin abinci ya yi, da hannunsa ya miƙa wa Rut tumu, ita da take baƙuwa mai kala. Ya kuma ce wa samarinsa kada su taɓa ta, su riƙa zare mata zangarku daga dammuna. Ba mu karanta cewa sun yi gunaguni ba. Rut ma ba ta koma wata gona ba har aka gama girbin sha'ir da na alkama.

Daren nan, bayan tuwo, ku karanta Rut sura 2 tare da iyali. In akwai wanda yake binka ladan aikin damina, ka aika yaro ya kira shi da safe.