Amsoshin Tambayoyinku: Iyakar Girman Babbar Mota

Wani direba daga Gidigir, a yankin Gure, yana tambaya: shin doka ta ƙayyade girman babbar mota?

To malam direba, ta ƙayyade. Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA, wadda ta kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005. Faɗin mota kada ya wuce mita 2.55, bisanta har da kaya mita 4. Iyakar tsawon mota guda mita 12 ce, tirela kuwa 16.5.

Motar da aka jibga wa buhuna har ta yi tozo, lanƙwasa ɗaya kan kifar da ita. Lodin wuce kima kuma shi ke farfasa kwaltar Damagaram zuwa Diffa. Allah ya kiyaye hanya.