Darasi: Riƙon tsoho, wace hanya ta fi sauƙi?

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, in ya tsufa, yana da fansho. Manomi ba shi da fansho. Fanshonsa ƴaƴansa ne. Saboda haka ya kamata kowane gida ya san abin da riƙon tsoho yake ci, tun ƙarfinsa bai ƙare ba.

Riƙon tsoho yana cin abu uku: hatsi, kuɗi, da lokacin mai kula da shi. Mutane sun saba ƙidaya biyun farko. Na ukun ne ake mantawa.

A tuna: dala 1 tamma 5 ce. Jaka 1 dala 200 ce. Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne.

Ga misali. Wani tsoho yana da ƴaƴa huɗu. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, kuma yana da hawan jini. Kuɗin da ke cikin wannan lissafi na koyo ne. Kowace cibiya ta sa farashin kasuwarta a wurinsu.

Hanya ta 1: tsoho yana gida

Yana ɗakinsa, cikin iyali. A wata ɗaya:
Hatsi tiya 6, kowace dala 100: jaka 3
Nono, cefane, sabulu, goro: jaka 3
Maganin hawan jini: jaka 2
Jimla: jaka 8

In ƴaƴa huɗu sun raba, kowa jaka 2 ce. In an bar wa ɗaya, shi kaɗai zai ɗauki jaka 8, kuma rumbunsa ne zai riga ƙarewa.

Amma lissafin bai cika ba. Wa ke dama furar? Wa ke ɗora ruwan wanka? Wa ke wanki, wa ke tashi da dare? Galibi mace ce: matar ɗa, ko ɗiya, ko jikanya. Matar da ke tuyar ƙosai ko matsar man gyaɗa ta daina fita. Gamanarta ta cika da haki. Wani lokaci yarinya ake cirewa daga lakwal. Wannan hasara ba a ganin ta cikin aljihu, amma ita ma kuɗi ce.

Hanya ta 2: a ɗauki mai aiki

In ƴaƴa duk sun tafi bida, sai a nemi wanda zai zauna da tsoho.
Kuɗin hanya ta 1: jaka 8
Ladan mai aiki: jaka 10
Abincin mai aiki: jaka 3
Jimla: jaka 21

Wannan hanya ta fi tsada, amma ba wanda ya bar sana'arsa, ba yarinyar da ta bar karatu. Sai dai a zaɓi mai amana, dangi kuma su riƙa leƙawa.

Hanya ta 3: a kai shi birni wajen ɗansa

A Maradi ko Damagaram ko Yamai, likita yana kusa. Amma a birni komi saye ake: hatsi, itace, ruwa.
Abinci, itace, ruwa: jaka 12
Hayar ƙarin ɗaki: jaka 10
Magani: jaka 2
Jimla: jaka 24

Ba a sa kuɗin mota ba. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Tsoho ya bar masallacinsa, da inuwar da yake hira, da tsaransa. Da yawa ba su daɗewa sai su ce a mai da su gida. Kafin a yanke shawara, a tambaye shi.

Hanya ta 4: a jira sai ciwo ya yi tsanani

Wannan ba wanda ya zaɓe ta da baki, amma gidaje da yawa ita suke bi. Hawan jini ba ya cika nuna alama. Mutum yana jin garau, sai a bar sayen magani. Ran nan sai ɓarin jiki ya shanye. Daga gidan likita na kusa a tura shi babban asibiti. Kwana 10 a can:
Hayar mota: jaka 20
Awo, gado, magani: jaka 40
Abincin masu jinya biyu: jaka 15
Jimla: jaka 75

Maganin jaka 2 a wata, jaka 24 ke nan a shekara. A shekara 3, jaka 72. Ashe kwana 10 na asibiti sun fi maganin shekara 3 tsada. In da damina ne, mutum biyu sun bar gona lokacin noma. Nan ne ake sai da akuya da sa, wani har ya jinginar da gona. Bayan haka tsoho zai dawo gida a kwance, aikin mai jinya ya ninka.

Tsakanin 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa. Tsofaffi ba su cikin wannan tsari. Shi ya sa gida yake bukatar tanadinsa.

Abin da ya kamata a yi

1. Da kaka, ƴaƴa su zauna. Kowa ya faɗi abin da zai kawo. A rubuta cikin littafi.
2. A ware hatsin tsoho: tiya 72 a shekara, wato buhu 2 ba tiya 8.
3. Wanda ke bida ya aiko da nasa a kuɗi, duk wata, ba sai ciwo ya zo ba.
4. A raba kwanakin jinya kamar yadda ake raba girki. Maza ma su karɓi nasu: wankan tsoho namiji da kai shi likita.
5. Matar da ta bar sana'arta a ba ta wani abu.
6. A riƙa auna jinin tsoho a gidan likita. Kada a tsai da magani sai likita ya ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yara kuma suna kallo: yadda aka riƙe kakansu, haka za su koya.

Tambayoyi

1. Jaka 8 dala nawa ce?
2. In tiya ta kai dala 150 da bazara, nawa ne hatsin tsoho a wata?
3. In ƴaƴa uku ne za su raba jaka 21, nawa kowa zai biya?
4. A gidanku, wa ke kula da tsoho? Me ya bari don yin haka?