CIWON GAJIYA MAI DAƊEWA: SAUƘIN SHARI'A DA HAƘƘIN MAJINYACI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya sanya ƙarfi da rauni suna musanya a jikin ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta wadda mai ita yake shan wahala biyu: wahalar jiki, da wahalar rashin yarda daga mutanensa. Ba ya da gyambo, ba ya da kumburi, awon jininsa sau da yawa yakan fito lafiya lau, amma tashi daga shimfiɗa zuwa makewayi ya zame masa kamar noman yini guda. Sai a ce rago ne, ko a ce sammu ne, ko aljanu. Da irin wannan zato ake sakin mata, ake dukan ɗalibai, ake sayar da dabbobi a kai wa boka. Saboda haka ya zama wajibi mu san ta, mu kuma san hukuncin Allah game da mai ita.

FASALI NA FARKO: MECE CE WANNAN CUTA?

Likitoci na taƙaita sunanta da haruffan EM/SFC a Faransanci, ME/CFS kuma a Ingilishi. Mu a nan za mu kira ta ciwon gajiya mai daɗewa. Ba sabuwa ba ce. A shekarar 1955 ta kwantar da ma'aikata kusan 300 na asibitin Royal Free da ke birnin Landan, har aka rufe asibitin na wani lokaci. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta jera ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2015 wata babbar cibiyar likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa masu fama da ita a can sun kai tsakanin 836,000 zuwa miliyan 2 da rabi, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu daga cikinsu ba sa iya fita gida, wasu ma ba sa barin shimfiɗa. Kada wani ya ce cutar Turawa ce, domin binciken da aka buga a 2007 ya same ta a maƙwabciyarmu Najeriya. Ta fi kama mata, tana kama yara da manya, kuma sau da yawa takan fara ne bayan wata masassara mai tsanani. Bayan annobar Korona ta 2020 an ga mutane da dama da suka tashi daga cutar amma suka faɗa cikin wannan hali.

Alamominta da aka fi dogara da su su ne waɗannan. Na ɗaya, ƙarfin mutum ya faɗi ƙwarai na tsawon watanni, hutu bai mayar da shi ba. Na biyu, wanda shi ne babban tambarinta, idan ya yi ɗan aiki kaɗan, na jiki ko na tunani, sai ciwon ya tsananta, galibi bayan sa'o'i 12 zuwa 48, ya kwantar da shi kwanaki ko makonni. Na uku, ya yi barci ya farka kamar bai runtsa ba. Na huɗu, mantuwa da dushewar tunani, ko kuwa jiri da bugun zuciya idan ya tsaya ko ya daɗe zaune. Ku lura da alama ta biyu da kyau. Ita ce ke sa maƙwabta su ce: ai jiya mun gan ta wurin suna tana dariya, yau kuma ta ce ba ta iya tashi. Kwanciyar yau ita ce bashin fitar jiya.

Sai dai ba kowace gajiya ce wannan cuta ba, kuma babu wani awo guda da ke tabbatar da ita. Dole ne a fara zuwa likita a nemi cututtukan da suka yawaita a ƙasarmu, waɗanda suke kawo kasala kuma suna da magani: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini musamman ga mata masu yawan haihuwa, tarin fuka, ciwon sukari, ciwon hanta, maƙoƙo, cutar Sida, yunwa, da ciwon damuwa. Wanda ya zauna gida yana cewa gajiya ce alhali tarin fuka ne ke cinsa, ya cuci kansa ya cuci iyalinsa.

FASALI NA BIYU: SAUƘIN DA SHARI'A TA YI

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, cewa aya ta 286 ta Suratul Baƙara ta kafa ƙa'ida: ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Aya ta 61 ta Suratun Nur da aya ta 17 ta Suratul Fathi sun ɗauke laifi daga mara lafiya. A cikin hadisin Abu Sa'idil Khudri da Abu Huraira (R.A.) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, gajiya ita kanta an ambace ta cikin abubuwan da Allah ke kankare zunuban Musulmi da su. To abin da Annabi (S.A.W.) ya lissafa cikin jarrabawa, ba ya halatta mu mayar da shi abin gori.

Game da tsarki: wanda motsin alwala ko taɓa ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta sauƙinsa, ko bai sami mai miƙo masa ruwa ba, ya yi taimama, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta halatta. A ajiye masa dutse mai tsarki kusa da matashinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya yana sake taimama ga kowace sallar farilla.

Game da salla: Imrana bin Husaini (R.A.) yana fama da basir, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya yi salla tsaye, idan bai iya ba zaune, idan bai iya ba kwance a gefensa. Littafin Ahalari da muka karanta tun muna yara ya jera halaye bakwai: tsaye ba jingina, tsaye da jingina, zaune ba jingina, zaune da jingina, sannan kwance a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. Kuma rashin iyawa a wurin malamai bai tsaya ga wanda zai faɗi nan take ba. Ya haɗa da wanda yake tsoron tsayuwar za ta ƙara masa ciwo. Saboda haka wanda ya san raka'a huɗu a tsaye za su kwantar da shi kwana uku, ya zauna, sallarsa ta inganta. Idan tashi sau biyar ya yi masa nauyi, yana iya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ya bi ta da La'asar a farkon nata, haka nan Magariba da Isha'i wajen ɓacewar shafaƙi. Jumu'a da jam'i sun faɗi a kansa, haka nan ga mai jinyarsa idan babu wanda zai maye gurbinsa.

Game da azumi: aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba mara lafiya izinin shan ruwa ya rama daga baya. Masu wannan cuta da yawa ƙishirwa na ƙara musu jiri, balle a zafin bazara irin namu. Wanda ya tabbata ba zai iya ramawa ba sam, malamanmu sun so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana.

Kada majinyaci ya yi baƙin cikin rasa sahun farko. Hadisin Abu Musal Ash'ari (R.A.) a cikin Bukhari ya yi bushara cewa ana rubuta wa bawa, idan ya yi rashin lafiya, ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

FASALI NA UKU: AUNA ƘARFI

Har yau babu maganin da aka tabbatar yana kawar da cutar baki ɗaya. Akwai dai magungunan rage ciwon jiki da gyara barci da jiri, a hannun likita. Babban abin da ke taimakawa shi ne auna ƙarfi. Magidancin da damina ba ta yi masa kyau ba yakan auna hatsin rumbunsa da tiya, ya san abin da za a daka kullum, domin idan ya saki hannu sai ya kai ga cin iri. Haka ƙarfin wannan majinyaci yake. Ya san iyakarsa ta yini, ya tsaya tun bai kai ta ba. Ya rarraba aiki ƙanana, ya huta tsakani, ya yi a zaune abin da ake iya yi a zaune. Ya sani hira da karatu da duba waya da ɓacin rai duk cikin rumbun nan guda suke ci. Ranar da ya ji dama-dama kada ya ce sai ya biya bashin aikin mako, nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Yana da amfani shi ko wani nasa ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum da yadda ya kwana, don a gane abin da ke tayar da ciwon.

Da can likitoci kan sa majinyaci motsa jiki ana ƙara masa kowane mako ko yana so ko ba ya so. A watan Oktoba na 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara, bayan majinyata masu yawa sun shaida cewa tana ƙara musu ciwo. To wanda ke cewa a tashe shi ya ɗebo ruwa jini ya motsa, ya sani yana iya zama sanadin kwanciyar da ta fi ta da. Sunna ma ta riga ta koya mana wannan. Anas (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da nafila, sai ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Idan haka ne a ibada, ina ga daka da ɗiban ruwa?

FASALI NA HUƊU: HAƘƘINSA A KAN IYALI DA JAMA'A

Haƙƙi na farko shi ne a gaskata shi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato. Miji ya sani rashin lafiyar matarsa ba ya kayar da ciyarwa da tufatarwa. Uwar miji da kishiya su ji tsoron Allah game da harshensu. Malamin makaranta ya ajiye bulala ga yaron da ya sauya bayan wata masassara, ya kira iyayensa.

Wanda ciwonsa ya yi tsanani, haske da ƙara da turare har da taɓawa suna iya zame masa azaba. A ba shi ɗaki mai sanyi da duhu-duhu, a rage rediyo da hayaniyar yara. A riƙa juya shi a hankali don kada bayansa ya yi gyambo. A ba shi abinci mai sauƙin haɗiya, kunu ko fura ko romo, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwa mai tsabta. Idan ya kasa haɗiya ko yana ta ramewa, a nemi likita ba tare da jinkiri ba.

Dubiya sunna ce, amma ladabinta taƙaitawa. Cika ɗaki da mutum goma ana ta jero gaisuwa yana amsawa, yana iya cinye masa ƙarfin kwana biyu. Mutum ɗaya ya shiga ya yi addu'a a hankali ya fito, sauran su gaida masu gida a zaure. Ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, a yi ta da murya ƙasa. Amma duka da hayaƙi da ihu a kunne da sunan fitar da aljani zalunci ne, zuwa wurin boka kuwa haramun ne. Ku kiyayi masu tallan magani a kasuwa da WhatsApp da ke alkawarin warkewa cikin kwana bakwai. Kwamitin masallaci ya tuna da gidan da mai nemo musu abinci ya kwanta, zakka ta halatta gare su idan sun shiga talauci. A kuma karɓi mai jinya lokaci-lokaci ta huta, domin ita ma jiki gare ta.

FASALI NA BIYAR: SAMUN SAUƘI

Ba za mu ɓoye gaskiya ba: cikin manya, waɗanda suke warkewa sarai kaɗan ne. Amma da yawa suna samun sauƙi a hankali, yara da matasa kuma sun fi samun tashi. Hanyar ita ce a fara tsayar da ciwon wuri ɗaya, a daina hawa da sauka. Idan an yi makonni lafiya, majinyaci da kansa ya ƙara ɗan abu kaɗan, kamar zama a tsakar gida na minti biyar, ya jira kwana biyu ya ga yadda jiki ya karɓa. Idan ciwo ya motsa ya koma baya ba tare da jin kunya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Faɗin ciwo ga likita ko ga iyali ba ya warware haƙuri. Annabi Ayuba (A.S.) ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 83 da ta 84 ta Suratul Anbiya'i, aka yaye masa, Allah kuma Ya yabe shi da haƙuri a Suratu Sad. Idan kuka ji majinyaci ya fara ambaton gara ya mutu, kada ku yi masa tsawa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku zauna kusa da shi, ku tunatar da shi rahamar Allah, ku sanar da likita. Wanda ba ya iya komai sai tasbihi a zuciya yana kwance, to yana cikin ibada, kuma aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya tsare harsunanmu daga cutar da raunana. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.