Ɗanmu da Ilmin Halittu

Mu mutanen Kazage mun san daji. Mun san doka da maje da kaɗanya. Mun san saniya mai sammore in mun gan ta. To, me ke kawo sammore? Cizon ƙudan tsando ne. Masu ilmin halittu suka gano haka.

Ana koyar da wannan ilmi a sakandare. Yaron da ya ci jarrabawa yana iya wucewa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Can ake koyon aikin likitan mutane, da likitan dabbobi, da malamin gona. Yarinya ma tana iyawa.

Kada mu cire yaro daga makaranta saboda kiwo. Yau garkenmu kaɗai yake bi. In ya gama karatu, shanun gari duka za su amfana.