Amsar Tambaya: Yaya Zan Tsara Maharbina a Guild Wars 2?

Tambaya: Na zaɓi maharbi, wanda wasan ke kira Ranger, amma zaɓin makamai da dabbobi ya rikita ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. A wannan wasan, da ArenaNet ta fitar a 2012, ana sauya baiwar jarumi kyauta muddin ba a cikin faɗa ake ba, don haka gwaji ba ya jawo asara.

Fara da dogon baka, ka riƙe babban takobi a matsayin makami na biyu. Baka na son tazara, har akwai kibiyar da ke tunkuɗe maƙiyi baya idan ya matso. In ya dage, sai ka zaro takobi.

Dabbarka fa rabin ƙarfinka ce, kuma nan sababbi suka fi sakaci. Ana fita da biyu, ana musanya su a tsakiyar faɗa. Ɗauki beyar don ta shanye duka, da damisa don ɓarna, ka musanya tun kafin wadda ke fili ta faɗi.

Kada ka ɓarnatar da zinariya a kan sulke kafin mataki na 80. Daga nan nemi kayan Berserker. In kuwa jinyar abokan tafiya ta fi burge ka, sai ka zaɓi reshen Druid, wanda ke cikin ƙarin Heart of Thorns na 2015.