Gidan Gado a Birnin Kano: Tsakanin Magada da 'Yan Kasuwar Filaye

Gabatarwa

A wurin Bahaushe, gidan gado ya wuce bango da rufi. Nan ne aka binne cibiyar mutum, a zaurensa ake raɗa suna, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar mutuwa. Maƙasudin wannan ɗan nazari shi ne a duba yadda irin waɗannan gidaje ke kuɓucewa daga hannun zuriya a birnin Kano, da hanyoyin da za a bi a riƙe su.

Matsayin Gidan Gado

Birnin Kano tsohon gari ne. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Unguwanni da dama sun samo sunansu daga sana'a ko asalin mazaunansu, kamar Soron Ɗinki da Alfindiki da Zangon Barebari. Saboda haka duk gidan da ya salwanta, wani yanki ne na tarihin unguwa ya tafi. Haka kuma fasahar magina ta tubali da azara da makuba da zankwaye takan bi shi.

Yadda Gida ke Kuɓucewa

Wurin da ke kusa da kasuwa ko bakin titi yana da tsada, don haka 'yan kasuwa kan turo dillalai su saye tsohon gida, a rushe shi, a tayar da bene mai jerin shaguna. Aikin hukuma ma yakan ci nasa rabo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe wuri don amfanin jama'a. Ko Ƙofar Na'isa ba ta tsira ba, domin an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa hanya, daga baya aka sake gina ta.

Sai dai masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar kuwa galibi ranar rabon gado take bayyana. Idan maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da yawa, za a fitar da tumunin takaba, namiji ya sami rabon mata biyu. Gida ɗaya ba ya yankuwa gida ashirin, sai a yi masa kuɗi. Magajin da ke da bukata ba ya iya jira, wanda ya koma sabuwar unguwa kuma ba ya son ɗawainiyar yaɓe kowace damina. A nan dillali ke shigowa.

Hanyoyin Riƙewa

Shari'a ba ta bar magada hannu sake ba. Na farko, mai hali daga cikinsu yana iya fansar kason sauran da farashin adalci. Na biyu, fiƙihun Malikiyya ya tabbatar da haƙƙin shuf'a: idan abokin tarayya ya sayar wa bare kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon karɓe shi su biya kuɗin. Na uku, mai gida yana iya yin waƙafinsa tun yana raye, ta yadda ba za a sayar ba. Na huɗu, ana iya fitar da shaguna a fuskar gida, kuɗin hayar ya riƙa gyara cikinsa. Dukkan waɗannan suna bukatar takarda da shaidu.

Kammalawa

A taƙaice, kuɗin mai saye ba ya rushe gidan da magadansa suka haɗa kai. Amma ba adalci ba ne a ce marayu da gwauraye su zauna da yunwa don a tsare bango. Zuriyar da ke son gidanta ya ɗore, wajibi ne ta fara biyan mai rauni haƙƙinsa kafin dillali ya riga ta.