Yadda Ake Gane Lokacin Canza Sarƙar Keke

Da yawa daga masu keke ba sa tunawa da sarƙa sai ranar da ta tsinke a hanya, alhali tun kafin nan ta riga ta yi ɓarna. Sarƙa ba miƙewa take yi kamar roba ba. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, saboda ƙura da yashi suna cakuɗewa da mai su yi ta gugar ƙarfen, musamman lokacin hunturu. Kowace gaɓa ta ɗan saki, tsawon sarƙar ya ƙaru, sai ta daina zama daidai a kan haƙoran firiwil, ta shiga cinye su. Don haka awo ne ya kamata ya nuna lokacin canji.

Awon ba shi da wuya. Da farko a goge sarƙar da tsumma, a danna feda har ta ɗaure tam. Sannan a ɗora farkon tef ɗin awo a tsakiyar ƙusa ɗaya. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka in aka ƙirga ƙusa 24 gaba, ta ƙarshen za ta faɗo daidai kan inci 12. Idan ta zarce da kusan milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta zarce da milimita 3, an makara, mai yiwuwa firiwil ma ya cinye, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallake haƙoransa. A maimaita awon a wuri biyu ko uku, domin sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya.

Wani zai ce tunda keke na tafiya, canji almubazzaranci ne. Ai tafiyar ce ke ruɗin mutum, domin tsohuwar sarƙa da haƙoran suna cinyewa tare ba tare da an ji ba, ƙarshenta a sayi sarƙa da firiwil gaba ɗaya. Wani kuma zai ce mai gyara ya cire gaɓa ko ya ja taya baya. Wannan yana ɗaure sarƙar, amma ratar da ke tsakanin ƙusoshi tana nan, ita ce kuwa ke cin haƙora. Duk wanda keke ne ƙafarsa ta zuwa gona ko kasuwa, ya riƙa goge sarƙarsa, ya ɗiga mata mai kaɗan, ya kuma auna ta akai-akai.